FASHIN BAƘI: Tarihin farautar kifin wel da darasinsa ga ayu da giwan ruwan ƙasar Kabi

Tsakanin shekarar 1900 zuwa 1999, jiragen farauta sun kashe kifayen wel kusan miliyan 2.9 a tekunan duniya, kamar yadda masana suka tattaro daga kundayen kamun da jiragen suka bari. A shekarar 1982 ƙasashe suka amince a dakatar da wannan farauta ta kasuwanci. Daga lokacin zuwa yau wasu nau'o'in sun farfaɗo, wasu kuwa har yanzu suna gab da ƙarewa.

Jihar Kebbi ba ta da teku, kuma tsakanin Argungu da gaɓar Legas akwai ɗaruruwan kilomita. Duk da haka, tambayar da ta raba kan ƙasashe a kan kifin wel ba baƙuwa ba ce ga Kabawa: wa ke da ikon cewa a bar ruwa ya huta, kuma wa zai tabbatar an bi maganarsa? Masarautar Argungu ta daɗe da tata amsar a kogin Matan Fada. A kogin Neja kuma, wanda ya ratsa kudancin jihar, akwai ayu, dabbar da ake farauta saboda namanta da manta, kamar yadda aka yi wa wel.

Mene ne kifin wel?

Ana ce masa kifi, amma ba kifi ba ne. Dabba ce mai huhu, wadda ke tasowa saman ruwa ta shaƙi iska ta wata kafa da ke bisa kanta, tana haihuwa, tana kuma shayar da ɗanta nono. Larabawa na kiransa hutu, ko ambar, kuma littattafan hadisi sun kawo labarin rundunar Abu Ubaida, Allah ya yarda da shi, wadda ta tarar da irinsa a bakin teku ta ci namansa kwanaki masu yawa.

Mafi girma a cikinsu shi ne shuɗin wel, wanda tsawonsa kan kai mita 30, nauyinsa kuma ya haura tan 150. Ba a san wata dabba da ta taɓa rayuwa a duniya da ta fi shi nauyi ba. Akwai kuma wel mai doro, da wel mai ƙaton kai, da fin, da sei, da minke wanda ke cikin ƙananansu.

Abin da ya sa ƙarar da su ke da sauƙi shi ne jinkirin haihuwa. Macen shuɗin wel takan ɗauki ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, sannan ta yi shekara biyu ko uku kafin ta sake. Tarwaɗa ko karfasa na iya cika tafki a damina ɗaya, amma garken wel da aka karkashe yakan ɗauki shekaru aru-aru kafin ya dawo yadda yake.

Daga kwale-kwale zuwa igwa

Mutanen bakin teku a Alaska da Siberiya da Koriya da Japan sun daɗe suna farautar wel da masu a cikin ƙananan jirage, don abinci. Waɗanda suka fara mayar da ita sana'ar neman kuɗi a Turai su ne ƙabilar Basak ta iyakar Faransa da Sifaniya, tun wajen ƙarni na 11. Holan da Ingila suka biyo baya a ƙarni na 17, sannan Amurka ta karɓi ragama. A shekarar 1846 Amurka na da jiragen farautar wel fiye da 700, yawancinsu daga tashoshin New Bedford da Nantucket da maƙwabtansu.

Abin nema shi ne kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda ake narkawa ya zama mai. Da shi ake kunna fitilun tituna da na gidaje, da shi ake shafa wa injunan masaƙu. Wasu faifai masu lanƙwasuwa da ke cikin bakin dabbar, waɗanda take tace abinci da su, ana yin bulala da haƙarƙarin lema da rigunan matse ƙugu na matan Turai da su.

Bayan haƙa rijiyar man fetur ta farko a Pennsylvania a 1859, kananzir ya kori man wel daga fitila. Sai dai hakan bai ceci dabbar ba. Wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Svend Foyn ya ƙera igwa mai harba mashi da nakiya a bakinsa, ya ɗora ta a jirgi mai injin tururi, ya yi mata rajista a 1870. Shuɗin wel da fin, waɗanda a da suka fi ƙarfin masu tuƙi da hannu saboda gudu, sai suka shiga hannu.

A 1904 aka buɗe tashar Grytviken a tsibirin South Georgia, ƙofar tekun Antatika. A 1925 kuma aka fara amfani da manyan jirage masu gangara a baya, waɗanda ke jawo wel ɗungurungum cikin jirgi a feɗe shi a narka a tsakiyar teku, inda babu gwamnatin da ke da iko. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai, an kashe shuɗin wel kusan 29,000 a Antatika.

Inda man wel ya haɗu da gyaɗar Kano

Wannan tarihi ya taɓa Arewacin Najeriya ta wata hanya da ba a cika ambata ba. A farkon ƙarni na 20 masana sinadarai a Jamus suka gano yadda ake daskarar da mai mai ruwa-ruwa, a kuma kawar masa da ƙarni. Daga nan man wel ya shiga sabulu da majarin, wato man da talakan Turai ke shafa wa burodi maimakon man shanu. A yaƙin duniya na farko har nakiya an haɗa da sinadarin da ake cirowa daga cikinsa.

Masana'antun da ke sayen man wel su ne dai ke sayen manja daga kudancin Najeriya da gyaɗa daga Kano, bayan layin dogo ya isa birnin a 1911. Kamfanin Unilever, wanda ke kan gaba wajen sayen man wel a shekarun 1930, shi ne uwar kamfanin UAC da ke sayen gyaɗar da aka riƙa tara dala da ita. Ma'ana, gyaɗar manomin ƙasar Hausa da kitsen dabbar Antatika suna gogayya ne a tukunya ɗaya, kuma yawan ɗaya a kasuwa na iya taɓa farashin ɗayan.

Tekun Gini ma bai tsira ba. Wel mai doro kan baro sanyin Antatika ya zo gaɓar Gabon da Najeriya da Binin da Togo don haihuwa, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba. Tun daga 1912 jiragen Turawa suka riƙa tare su a kusa da Cap Lopez na Gabon, suna kashewa har garken ya yi ƙaranci, su tafi, su dawo bayan wasu shekaru. Haka aka yi ta yi har ƙarshen shekarun 1950.

Hukumar da aka bai wa kura ajiyar nama

A ranar 2 ga Disamba, 1946, ƙasashe masu farautar suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Washington, wadda ta haifar da Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya, IWC. Manufarta ita ce a tsara farautar don sana'ar ta ɗore. Amma waɗanda ke zaune a teburin su ne masu jiragen.

Tsarin kason da suka ɗauka ya ƙara dagula lamarin. An ƙayyade kamun shekara da ma'aunin mai: shuɗin wel ɗaya daidai yake da fin biyu, ko mai doro biyu da rabi, ko sei shida. Aka yanka jimla 16,000 ga kowa da kowa, ba tare da raba wa ƙasashe ba, wanda ya riga ya kwasa. Sakamakon haka kowane jirgi ya riƙa rige-rigen kashe mafi girma. Da shuɗin wel ya yi wuya aka koma kan fin, daga fin aka gangaro kan sei, daga nan sai minke. Lokacin da aka hana taɓa shuɗin wel a tsakiyar shekarun 1960, na Antatika, waɗanda a da suka haura 200,000, sun koma 'yan ɗaruruwa.

Akwai kuma ha'inci. A 1993, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, masanin halittu Alexey Yablokov ya fallasa cewa jiragen ƙasar sun shafe shekaru suna bai wa hukumar alƙaluman ƙarya. Bincike ya nuna sun kashe wel kusan 180,000 da ba su bayyana ba tsakanin 1948 da 1973. Wasu masana da suka yi aiki a cikin jiragen ne suka ɓoye takardun gaskiya a gidajensu shekara da shekaru. Satar ta ragu ne kawai bayan an fara sa masu sa ido daga wasu ƙasashe a cikin jiragen a 1972.

Dakatarwar 1982 da waɗanda suka ƙi

Matsin lamba daga waje ne ya sauya hukumar. A 1970 masanin halittu Roger Payne ya fitar da faifan sautin da wel mai doro ke rerawa a ƙarƙashin ruwa, ya kuma bazu a duniya. A 1972 taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a Stockholm ya nemi a dakatar da farautar na shekara 10. A 1975 matasan ƙungiyar Greenpeace suka shiga tsakanin igwar jiragen Sobiyet da garken wel a cikin ƙananan jiragen roba, suka ɗauko hotunan da gidajen talabijin suka yi ta nunawa. Ƙasashen da ba sa farauta suka riƙa shiga hukumar har suka yi rinjaye.

A 1982 aka kaɗa ƙuri'a: ƙasashe 25 suka goyi bayan dakatarwa, 7 suka ƙi, 5 suka ƙaurace. Dokar ta fara aiki daga kakar 1985 zuwa 1986. An ware tekun Indiya a matsayin hurumi tun 1979, aka ƙara da tekun Antatika a 1994. An bar wa wasu al'ummomin asali, a Alaska da Chukotka da Greenland da tsibirin Bequia, ƙayyadadden kaso don abincinsu na gado.

Ba kowa ya bi ba. Norwe ta shigar da ƙin amincewa a hukumance, ta koma farauta a 1993. Iceland ta koma a 2006. Japan ta fake da wani sashe na yarjejeniyar da ya halatta kisa don binciken kimiyya, tana sayar da naman a kasuwa. Ostireliya ta kai ta ƙara, kuma a ranar 31 ga Maris, 2014, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukuncin cewa shirin Japan na Antatika ba na kimiyya ba ne. Japan ta fice daga hukumar, ta koma farautar kasuwanci a ruwanta a ranar 1 ga Yuli, 2019.

Najeriya ba ta cikin hukumar. Amma Binin da Togo da Ghana da Senegal da Gini suna ciki, har da Mali wadda ba ta da teku. An sha zargin Japan da amfani da tallafin kamun kifi wajen neman ƙuri'un ƙananan ƙasashe, zargin da take musantawa. Ƙudirin da Brazil da ƙawayenta ke kawowa na mayar da kudancin Atilantika hurumi, wanda ke buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, ya sha faɗuwa, har a taron birnin Lima na 2024.

Abin da ya farfaɗo, da abin da bai farfaɗo ba

Inda aka daina kisa kuma ruwan ya zauna lafiya, an ga amfani. Wel mai doro da ke haihuwa a gaɓar Brazil ya ragu zuwa kimanin 450 a shekarun 1950. Binciken da aka wallafa a 2019 ya kiyasta sun kai 25,000. Shuɗin wel na ƙaruwa sannu a hankali, ko da yake har yanzu yana jerin dabbobin da ke cikin haɗari.

Inda kuwa ruwan kansa ya zama tarko, hana farauta bai wadatar ba. Baƙin wel na arewacin Atilantika, wanda aka hana kashewa tun 1935, bai wuce kimanin 370 ba a shekarar 2023, domin jiragen dakon kaya na buge su, igiyoyin masunta na sarƙe su. Ana kiyasin wel da danginsa ƙanana irin su dolfin kimanin 300,000 ne ke mutuwa kowace shekara a cikin tarun da ba don su aka kafa ba. A kogin Yangtze na ƙasar Sin, farin dolfin da ake kira baiji ya ɓace: binciken makonni shida da aka yi a 2006 bai ga ko ɗaya ba. Babu wanda ya ɗaura aniyar ƙarar da shi. Taru da ƙugiya da madatsun ruwa da zirga-zirgar jirage ne suka gama da shi.

Wannan misali na ƙarshe shi ne ya fi kusa da halin da kogunan Kebbi ke ciki.

Dokar ruwa a Argungu

Kabawa, jikokin daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mutanen ruwa ne, kuma sun gaji tsarin da ke ƙayyade lokacin su. Akwai al'adar gyaran ruwa kafin a shiga, akwai fashin ruwa wanda ke nuna an buɗe kakar kamun kifi. Sarkin Ruwa ne ke kula da lafiyar kogin da ba da izinin shiga, Homa kuma shi ne shugaban masunta.

Bikin kamun kifi a siffarsa ta yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta zama alamar ƙarshen tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun gado na bil'adama.

Abin da baƙi ke zuwa kallo shi ne dubban masunta da ke rugawa cikin Matan Fada da zarar an harba bindiga, kowa da homa da gora, suna neman giwan ruwa mafi nauyi cikin kimanin sa'a guda. Amma ginshiƙin bikin shi ne sauran watannin shekara, waɗanda a cikinsu aka haramta su a wannan yanki na kogin. Idan aka dube shi da idon masana kiwon kifi, tsarin ya haɗa abubuwa uku: wurin da aka ware, lokacin da aka ƙayyade, da kayan aikin da aka taƙaita. Ya kuma ƙara da na huɗu, wato mai tsaro da ke zaune a bakin ruwan, wanda ya san kowane masunci da gidan ubansa.

Abin da ya fi ƙarfin Sarkin Ruwa

Ikon Sarkin Ruwa ya tsaya ne a kan mutanen da ke shiga kogin. Bai kai ga yawan ruwan da ke zuwa daga sama ba. An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasan Bakolori ya nuna ambaliyar damina ta ragu, kamun kifi ma ya ragu. Dalilin a fili yake ga duk masunci: idan ruwa ya malala cikin fadama ne kifi ke bin sa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a cikin ciyawa kafin ruwa ya janye.

Fadamar kanta ta sauya. Noman shinkafa na rani ya bunƙasa a kwarin Rima, musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Ya samar da abinci da aikin yi, amma injunan ban-ruwa na zuƙar ruwa a lokacin da ya fi ƙaranci, taki da maganin feshi kuma na gangarawa kogi. Ga yashi da ke cike gurabe masu zurfi inda manyan kifaye ke fakewa, ga taru mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi tun bai isa haihuwa ba.

Alamun sun bayyana a bikin kansa. A 2006 an hana shiga ruwa saboda ƙarancinsa. A 2008 an ƙwace kambun wanda aka ce ya yi nasara, bayan an gano kifin da ya gabatar ba a Matan Fada aka kama shi ba. Bayan bikin 2009 an shafe shekara 10 ba a yi ba, saboda matsalar tsaro da halin da kogin ke ciki, sai a watan Maris na 2020 aka dawo, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Giwan ruwa ba ya cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu a duniya. Yana da yawa a kogin Nilu da tafkin Victoria da sauran wurare. Abin da ake iya rasawa shi ne manyansa a wannan kogi, domin kifi mai kilo 70 sai ya shekara da yawa a ruwa mai zurfi ba a taɓa shi ba.

Ayu: wel ɗin kogin Neja

Dabbar da ta fi kama da wel a ƙasar Hausa ita ce ayu. Shi ma yana numfashi da huhu, yana shayarwa, tsawonsa kan haura mita uku, nauyinsa ɗaruruwan kilo. Ciyayin ruwa yake ci. Macen takan yi kimanin shekara da ciki ta haifi ɗa ɗaya, ta daɗe tana renonsa. Ana samunsa daga Senegal zuwa Angola, kuma yana hawa koguna har cikin Mali da Nijar da Chadi. A Najeriya yana kogin Neja da Binuwai da rassansu, har da tafkin Kainji wanda bakinsa ya kai Yawuri. A cikin nau'o'in ayu uku na duniya, shi ne wanda aka fi ƙarancin bincike a kansa.

Sarkawa, masuntan da suka bazu a kogin Neja daga ƙasar Songhai zuwa Kabi da Yawuri, sun shahara da farautar ayu da dorina da mashi mai igiya. A da sana'ar wasu gidaje ce ƙalilan, mai tattare da sharuɗɗa da sirri. Yau kuwa kasuwa ce ke jan ta. Ana cin naman, ana sayar da fata da ƙashi ga masu maganin gargajiya, man ayu kuma ya zama sananne a cikin kayan mata da ake tallatawa a kasuwanni da shafukan Facebook da TikTok. Ko abin da ke cikin kwalbar na gaske ne ko jabu, tallar na ƙara wa dabbar farashi, farashin kuma shi ke tura mafarauci cikin ruwa.

Bayan farauta, ayu na mutuwa a cikin tarun masunta, domin in ya sarƙe ba ya iya tasowa shan iska. Yana maƙalewa a tafkunan da ke ƙafewa da rani. Madatsu irin ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, sun raba garkunan sama da na ƙasa. Manoman shinkafa na bakin kogi kuma na ganinsa a matsayin maɓarnaci.

Tarihi ya nuna yadda irin wannan dabba ke saurin ƙarewa. Wani babban ɗan'uwan ayu da ke tekun Bering, wanda Turawa suka fara gani a 1741, mafarauta sun gama da shi kakaf zuwa 1768, cikin shekara 27 kacal.

Me doka ta ce, kuma wa ke da alhaki?

A rubuce, ayu na da kariya. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 don ƙara tara, ta hana farautarsa da cinikinsa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin masu rauni. A 2013, a taron yarjejeniyar CITES a Bangkok, an ɗaga shi zuwa rukuni na ɗaya bisa buƙatar Binin da Senegal da Saliyo, wanda ke nufin an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya tun 1975, kuma hukumar NESREA ce ke da alhakin tilasta bin ta. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya.

Abin da tarihin wel ya nuna shi ne takarda kaɗai ba ta tsare dabba. Yarjejeniyar 1946 ta shekara fiye da 30 ana kisa a ƙarƙashinta. Abubuwan da suka kawo sauyi su ne ƙidaya ta gaskiya, da mai sa ido wanda ba ya cin moriyar kamun, da rufe kasuwar da ke sayen man, da jama'ar da ta matsa wa gwamnatocinta lamba.

A Kebbi, kowanne daga cikin waɗannan na da ofishin da za a tambaya. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke riƙe da makullin Bakolori da Goronyo, ita za ta iya bayyana jadawalin sakin ruwa da ko ana la'akari da lokacin haihuwar kifi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, a bakin Kainji, ita ce mafi kusa da ke da masanan da za su ƙidaya ayu su auna kifin kwarin Rima. Gwamnatin jiha, wadda ke kashe kuɗi a kan bikin, na iya wallafa nauyin kifayen da aka kama shekara bayan shekara, ta kuma ware wani kaso na kasafin bikin don yashe gurabe da sauya wa masunta taru. Masarautun Argungu da Yawuri da Gwandu na da sarakunan ruwa waɗanda masunta ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i, sai dai hukuncinsu na buƙatar goyon bayan dokar jiha.

Akwai kuma alhakin mai saye. Farautar wel ta karye ne a daidai lokacin da man gyaɗa da na waken suya da sauran man tsirrai suka maye gurbin mansa, jama'a kuma suka ƙyamaci kayan da aka yi da shi. Matuƙar ana neman man ayu a kasuwannin Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano, za a samu mai shiga ruwa ya nemo shi.